Birki Amana Ne: Kira ga Makanikan Damari

'Yan'uwana makanikan Damari, da na Dogon Dawa da Kuyello da Tabanni, har zuwa garejojin cikin garin Birnin Gwari. Sannunku da kwanciya ƙarƙashin mota a kan buhu tun hantsi har la'asar sakaliya. Yau da ku nake, kuma maganar birki na zo da ita, domin a cikin duk aikin da ke shigowa garejinku babu wanda ya kai shi nauyi, babu kuma wanda masu mota suka fi raina kuɗinsa. In inji ya mutu, mota tsayawa take yi, fasinja su sauko su yi tsaki su nemi inuwa. In birki ya mutu, sai dai a kai labari gidaje.

Kowa ya san abin da ƙasar nan ta gani. A daminar 2022 mutanen Damari suka bar gidajensu da gonakinsu saboda 'yan bindiga, mata da yara suka bazu garuruwan maƙwabta da ɗan abin da kai zai iya ɗauka. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta kai matsayin da direba ba ya shigarta sai da rakiyar sojoji. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, motoci suka fara komawa hanya. Allah ya ɗorar da zaman lafiya, ya ji ƙan waɗanda muka rasa. To amma masara ba ta kai kanta kasuwa. Waken soya da dawa da shinkafa, da mai naƙuda da za a kai asibiti tsakar dare, da amarya da 'yan rakiyarta, duk a cikin tsofaffin motocin nan suke tafiya, su Peugeot 504 wagon da fikof, J5, Golf, Starlet da Canter. Sababbin motoci ba su zuwa ɗaukar buhu a bakin gona. Farfaɗowar Damari a kan waɗannan tsofaffin tayoyi take tafe, ku ne kuma masu tsayar da tayoyin idan lokacin tsayawa ya yi.

Ina so ku san darajar abin da ke hannunku. Peugeot 504 ɗin da kuke kwancewa kuna ɗaurawa ido rufe ba ƙaramar mota ba ce a tarihin duniya. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, wani direba ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, tseren dubban kilomita cikin laka da ƙura da duwatsu. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari, ya kuma ci tseren Bandama na Kwaddibuwa, da 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da inji mai silinda 6. Wannan mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, yau tana cikin motocin da attajiran Turai ke ɓoyewa a ɗaki suna gogewa da ƙyalle mai laushi. Faransa ta daina haɗa salun ɗin 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba fiye da shekara 20 bayan haka. Idan mai irin waccan mota mai ƙofa biyu a Ingila ko Jamus ya ji birkinsa ya yi laushi, sai ya bi layi wajen ƙwararren da ya san tsofaffin motoci, ya biya kuɗi mai tsoka a kan kowace awa, domin yaran yanzu kwamfuta suke jonawa mota su karanta, ba su iya sauraron feda da ƙafa ba. Ilimin da wancan ƙwararre yake sayarwa da tsada shi ne ilimin da kuke aiki da shi kullum a gindin bishiya. Masta iri ɗaya ce, kalifa iri ɗaya, iskar da ke shiga bututu ma ba ta san Landan ba, ba ta san Damari ba.

Kuma kada wani ya ce muku tsere na inji ne kawai. A 1953 motocin Jaguar suka zo na ɗaya da na biyu da na huɗu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, babban abin da ya ba su galaba kuwa shi ne birki mai faifai na kamfanin Dunlop, a lokacin da abokan hamayyarsu ke fama da diram mai zafi. Direbobin Jaguar suna iya jinkirta taka birki har su kusa kwana, saboda sun amince zai kama. Wanda ya amince da birkinsa shi ne ke iya tafiya da ƙarfin zuciya, ko a filin tsere ko a hanyar Funtuwa da buhu 10 na masara a baya, wato tan guda cur a kan nauyin motar.

Aikin da ya fi yawa a gabanku yanzu shi ne tada motocin da suka daɗe a ajiye. Akwai waɗanda aka jingine a bayan gida ko a garin gudun hijira, damina biyu ko uku ba a motsa su ba. Mai mota zai zo ya ce, "Maigida, a tada mini inji kawai, birki lafiyarsa lau na ajiye ta." Gaskiya ya faɗa, lafiya ya ajiye ta, amma zama yana kashe birki fiye da tafiya. Man birki yana shan danshi daga iska ko da murfin a rufe yake. Ruwan ya sauka cikin silinda ya kawo tsatsa, fistin ya maƙale, robobi su bushe, tiyo ya tsattsage, takalmin birki ya manne da diram. Masu gyaran motocin tarihi a duniya ba su yarda mota irin wannan ta fita ƙofa kafin su bi birkin daga feda har taya huɗu. Ku ma kada ku yarda. Ku cire tayoyin duka, ku buɗe diram, ku ɗaga robar ƙura ta silindar taya ku leƙa, in kun ga jiƙa to ta fara yoyo. Ku lanƙwasa kowane tiyo ku duba tsaga. Ku bi bututun ƙarfe da hannu har baya, musamman inda laka ke taruwa.

Sannan a zo kan feda, domin feda tana faɗa wa wanda ya iya tambayarta gaskiya. Zauna a kujerar direba, ka taka. In ka ji ta yi laushi kamar ka taka nunanniyar gwanda, ko ka buga ta sau uku ba ta yi tauri sosai ba, iska ce a cikin layi, ko kuma tiyo ya tsufa yana kumbura. In ta tafi ƙasa da nisa a takun farko, amma a na biyu ta hau sama ta tsaya da tauri, yawanci ba iska ba ce, takalman baya ne suka yi nisa da diram, saiti suke so. Makanikai da dama suna ɓata galan na mai suna fitar da iskar da babu ita, alhali da sun juya abin saitin baya da an gama. In kuwa ka danne ta da ƙarfi daidai, ka riƙe, ka ji tana nitsewa sannu a hankali, ka duba ko'ina ba ka ga ɗigo ba, to robar cikin masta ce ke barin mai yana kewayawa. Wani lokaci man yana zubewa ta bayan masta zuwa cikin busta, baƙar tukunyar nan da ke taimakon ƙafa da zuƙar inji, shi ya sa man ke raguwa a kofi ba a ganin inda ya bi. In feda ta yi tauri ƙwarai amma mota ba ta tsayawa, gwada busta. Kashe inji, buga feda har ta sandare, riƙe ta a danne, ka tada mota. In busta na da lafiya za ka ji feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, bi tiyon da ya taso daga inji, wataƙila ya fashe ko ɓera ya ci.

Motar da ke fizgar sitiyari gefe guda in an taka birki, sau da yawa laifin yana ɗaya gefen ne, wanda ba ya kamawa: kalifa ta maƙale, ko giris ko man difa ya jiƙa birkin. Taya ɗaya kuma da ke ɗaukar zafi bayan 'yar tafiya, ɗaga ta a jak, ka sassauta ɗan notin fitar da iska. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, to matsi ne ya maƙale, kuma galibi tiyo ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya wuce amma ba ya barinsa ya dawo. In ka sassauta taya ba ta saki ba, fistin ne ko fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai. Minti biyar na wannan gwaji ya fi a sa talaka ya sayi kalifa alhali tiyo ne ya mutu.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, wato saitin feda, domin a nan ne ake gane makanike da mai ɗaure noti. A bayan fedar birki akwai sandar da ke tura fistin ɗin masta, da notin kulle a jikinta. Dole ne in ka taɓa feda da yatsa ka ji ɗan wasa, 'yan milimitoci kaɗan, kafin sandar ta fara turi. Wannan ɗan wasan ba sakaci ba ne, da gangan aka bar shi. A cikin masta akwai wani ƙaramin rami da man ke bi ya koma kofi in an saki feda. Idan direba ya ce yana son birkinsa a sama, kai kuma ka tsawaita sandar har wasan ya ɓace, fistin ba zai koma mazauninsa ba, robar za ta rufe ramin. A gareji komai zai yi kyau, direba ya taka ya yi murmushi ya biya. Ya kama hanya, man ya ɗauki zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, sai birki ya fara kama kansa. Kama ya ƙara zafi, zafi ya ƙara kama, har tayoyi huɗu su riƙe ana jin ƙauri, ko man ya tafasa feda ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Kuma a ina? A tsakiyar daji, inda babu mai son motarsa ta tsaya ko na minti ɗaya. Saboda haka in direba na son feda a sama, a nemo tsawon a wajen saitin takalma da fitar da iska, kada a nemo shi a jikin sanda. In ka taɓa sandar, ka mayar da wasan, ka ɗaure notin kulle, ka tabbata sifirin ɗin da ke dawo da feda yana nan da ƙarfinsa.

Ka kuma sunkuya da tocila ka dubi fil ɗin da ya haɗa feda da sanda. Ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, da ɗan makulli mai tsaga a ƙarshensa. Sau nawa ake samun an maye makullin da lanƙwasasshiyar ƙusa ko wayar ɗaurin buhu? Ranar da ya zare, duk lafiyar masta da kalifa ba ta da amfani, ƙafa za ta tafi ƙasa babu abin da ta tura. Ka duba bushin ɗin feda ko ya cinye, ka duba makunnin fitilar birki kada ya tokare feda ya hana ta dawowa, ka sa robar feda in ta goge, domin takalmi mai laka a kan ƙarfe tsirara santsi yake yi da damina.

Kuloci shi ma da nasa wasan. A motocin da ke da waya, in babu wasa kamar kaurin yatsa, boris ɗin kuloci zai yi ta juyawa ba hutu, faranti ya yi ta zamewa a hawa da lodi har ya ƙone. Na 504 kuwa da mai yake aiki, saboda haka duk abin da muka faɗa kan iska da roba ya shafe shi. Totur kuma a saita shi yadda in feda ta taɓa ƙasa kafireta ta gama buɗewa daidai, ba tare da an ja waya kamar za ta tsinke ba, in an saki kuma ya dawo da kansa nan take. Direbobin tsere suna sa a saita musu yadda in sun danne birki ƙwarai zai zo daidai da totur, domin su taka biyun da ƙafa ɗaya suna sauya giya. Direbanmu ba ya bukatar haka. Abin da yake bukata shi ne birki ya ɗan fi totur tsawo, kuma ko ya danne iya ƙarfinsa a samu sarari tsakanin feda da ƙasa.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, kun fi ni sanin kiran: danna, riƙe, saki. A yawancin tsofaffin motoci ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta, wato baya ta dama a motocinmu masu sitiyari a hagu, a ƙare da ta kusa. Kada kofi ya bushe ana cikin aiki. In masta tsohuwa ce, a sa guntun katako ƙarƙashin feda domin yaro kada ya kai ta ƙasa, saboda can ƙarshen silinda inda roba ba ta saba zuwa ba akwai tsatsa da za ta yage ta.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙonku da girman Allah ku bari, ku kuma hana wanda kuka ga yana yi. Na farko ruwan omo a madadin man birki. Man DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya wuce digiri 205, na DOT 4 sai ya wuce 230. In suka sha ruwa ƙasa da kashi 4 cikin 100, ma'aunin ya sauko wajen 140 da 155. Ruwa zalla kuwa a 100 yake tafasa, zafin da birkin mota mai lodi ke wucewa a gangara ɗaya. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, feda ta tafi ƙasa. Haka nan baƙin mai da man giya da fetur, ko ɗigo ne, suna kumbura robobin birki su lalata su, don haka ko wanke roba za a yi, da man birki ake wankewa. Na biyu shi ne toshe bututun taya ɗaya da ƙusa ko murƙushe shi da fulaya saboda silinda na yoyo. Na san ana yi a daji don a fitar da mota daga wuri mai haɗari, kuma ba zan zargi wanda ya ceci rai da haka ba. Amma a bar mota ta ci gaba da lodi a kan birki uku, mako ya bi mako, wannan cin amanar fasinja ne. Gudu in ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi, ko da birki huɗun suna da lafiya.

Na san amsar da za ku ba ni. Mai mota ba shi da kuɗi, kayan gyara sai an aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, in sun zo ma wani jabu ne a kwali mai kyau. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne a ce wa mutumin da ya dawo daga gudun hijira da bashi a wuya motarsa ba za ta fita yau ba. Amma ku faɗa masa. Ku ce, "Alhaji, fenti zai jira, gilashi zai jira, wannan ba ya jira." Ku nuna masa robar da ta yage a tafin hannunku. Ku haɗa kai a ƙungiyance, ku riƙa aika mutum ɗaya amintacce ya sayo muku kaya masu kyau a dunƙule, ku san dillalin da ba ya ha'inci ku riƙe shi. In za a sauya fad ko takalmi, a sauya hagu da dama tare. Kwalbar man da aka buɗe ta kwana watanni a kan benci ta riga ta sha ruwa, kada a zuba wa mota. Ku kuma kula da kanku: kada ku hura ƙurar diram da baki, domin tsofaffin takalman birki da masu araha da yawa suna da sinadarin asbesto mai cin huhu, ku goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, a tokare da kututture mai ƙarfi.

Ku direbobi, 'yan'uwan tafiya, ku biya makanike haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, kada ku tsaya masa a ka kuna cewa fasinja na jira. In kun fito daga rafi ku ɗan taka birki kuna tafiya har ya bushe, in za ku gangara da lodi ku riƙe mota da giya.

Ku kuma iyayen gida, ku dubi yaran da ke miƙo muku sufana. Da yawansu sun taso cikin ƙarar bindiga, makarantarsu ta yanke, sun ga sa'o'insu sun bi hanyar da ba ta ɓullewa. Yaron da ya zaɓi baƙin mai a hannu ya zaɓi halal, ya cancanci a koya masa dalilin kowane abu, ba a bar shi da wankin noti shekara da shekaru ba. Ku zaunar da shi a kujerar direba ya taka feda, ku tambaye shi me ya ji. Ku fasa tsohuwar masta ku nuna masa ƙaramin ramin nan da idonsa. Ku kuma yara, ku yi haƙuri da faɗan maigida, ku riƙa tambaya, ku koyi karanta lambar da ke jikin kwalba da ma'aunin milimita. Wanda ya iya birkin 504 da gaske ba zai rasa abinci ba daga nan har Maraɗi.

Kaka na zuwa, lodi zai yi yawa, kowa zai so motarsa a hanya. Tun kafin a fara ɗaure buhu ku kira masu motocin da kuke gyarawa, ku ce su kawo a cire taya a duba. Kada mota ta bar garejinka sai kai da kanka ka shiga ka gwada ta a fili, ka taka a hankali, ka taka da ƙarfi, ka sauko ka taɓa wili huɗu ka ji zafinsu. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare hannuwanku, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.